Inna Hanne Ba Ta Tambaya Ba

Shafi na 27

Assalamu alaikum. Na karanta saƙonninku, har da na waɗanda suka yi fushi da ni kan rasuwar Uthman a Muritaniya. Allah ya ba ku haƙuri. Ku gyara zama. Zubair ya kwana a gidansu a Gaya da jakunkunan goyo biyu, tasa da ta abokinsa, kuma gari ya waye.

*

A tashar Ajingi Kawu Gwadabe ya tare shi, tun bai gama sauke ƙafa daga bas ba.

Kawu Gwadabe ƙanin mahaifiyar Uthman ne, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma. Shi kaɗai Zubair ya kira a waya ranar da aka binne Uthman, shi ne kuma ya ce kada kowa ya ji tukuna.

"Ka rame," in ji Kawu.

"Hanya ce, Kawu."

"Wannan jakar tasa ce?"

"Tasa ce."

"Kawo ta. A shagon Kabo mai taki za ta zauna. Ba za ta shiga gidan nan yau ba."

Zubair ya miƙa. Tun daga bakin teku yake goye da jakar nan, ƙasa bayan ƙasa, har igiyarta ta yi masa kanta a kafaɗa. Da aka karɓe ta sai ya ji bayansa ya yi sanyi, kamar an yaye masa riga a kasuwa.

Kawu ya ja shi gindin darbejiya, nesa da 'yan acaɓa.

"Saurara da kyau. Ya tsaya a Maroko, ya samu ɗan aiki, wayarsa ta faɗa ruwa. Iyakarta ke nan."

"Ba mu je Maroko ba, Kawu."

"Wa ya sani? Yaya Hanne ko Wudil sai ta shekara ba ta je ba."

"Har zuwa yaushe?"

"Har Khairiyya ta sauka lafiya. Cikin ya tsufa, yau ne ko gobe. Ga Yaya da hawan jini. So kake mu yi gawa uku a madadin ɗaya?"

Zubair ya ƙirga watannin a zuci. Da suka bar gida bayan an cire gyaɗa, Uthman bai ma san matarsa na da ciki ba. A Togo labarin ya same su, a waya, ya yi ta tsalle a bakin titi har mutane suka tsaya kallo. Yanzu ga damina ta faɗi.

"Kawu, takabar mai ciki haihuwa ce ƙarshenta," ya ce a hankali. "In muka bari ta haihu, ta fita daga takabar da ba ta san ta shiga ba. Ko yini ɗaya ba za ta zauna masa ba. In ta gane daga baya, me za mu ce mata?"

"Babanka ne malami, na sani. To malantar ta tsaya a Gaya. Nan gidanmu ne."

Suka kama hanya. Sai da suka kusa ƙofar gidan Kawu ya sassauta murya.

"Abu ɗaya zai taimake ka. Ɗan fari ne. Tun da Yaya ta haife shi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta kuma taɓa tambayar wani ina yake ba. Irin kunyar mutanen da ce da ita. Ko kwana za ka yi a gabanta ba za ta tambaye ka shi ba. Ka ba ta labarin ƙasashe, ka sha ruwa, ka tashi."

*

A ƙarƙashin rumfa suka samu Inna Hanne, ƙwarya a cinya, tana ɓarar gyaɗar iri.

Zubair ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin tabarma.

"Inna, ina kwana."

"A'a, Zubairu. Mutanen duniya. Lafiya lau. Yaya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Yaya ka samu su Malam?"

"Lafiya ƙalau, Inna."

"Madalla. Matso inuwa."

Ta dube shi sau ɗaya. Ta dubi bayansa, wajen zaure, sau ɗaya. Ta mayar da ido kan ƙwarya.

Ba ta tambaya ba.

Kawu ya zauna a kan turmin da aka kife, ya yi wa Zubair alama da gira.

"To ba ni labari," in ji Inna. "Ni da ko teku a hoto nake gani. Ina kuka fara?"

"Binin, Inna. Daga nan Togo."

"Su ma mutane ne kamar mu?"

"Kamar mu. Sai dai Faransanci. Sati muka yi muna magana da hannu kamar kurame. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri. In kin ga mutum da shi a hammata sai ki ce faɗa za shi."

Ta ɗan murmusa.

"Ana ƙoshi dai?"

Zubair ya ji tambayar ta sauka a inda aka aike ta. Ba cikinsa take tambaya ba. Uthman tun yana yaro ba ya son baƙon abinci, kowa a gidan nan ya sani.

"Ana ƙoshi, Inna. Ko mai tsantsami in yunwa ta kama shi ci yake."

"Haka ne. Iyakar ƙasa fa, katanga ce?"

"Wani wurin ofis ne da tuta. Wani wurin igiya ce kawai aka gitta a hanya, da mutum a gindin bishiya yana gyangyaɗi. Wannan gefen rogo, wancan gefen rogo. Akuya ta wuce ba wanda ya ce mata komai. Mu kuwa sai mu yini a rana ana juya takardunmu."

"Akuya ta fi ku gata," in ji Kawu, ya yi dariya shi kaɗai.

Gyaɗa ta ci gaba da faɗawa cikin ƙwarya, ɗaya bayan ɗaya.

"Daga nan fa?"

"Gana. A Kumasi akwai unguwa, Zango, in kin shiga sai ki rantse Kano kike. Tuwo, koko, kiran salla. Mun haɗu da wani tsoho a masallaci, da ya ji na ce daga Gaya nake sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce kakansa daga Gaya ya taso fataucin goro. Shi bai taɓa ganin garin ba, amma cewa yake mu mutanen Gaya. Yana ta tambayata wata rijiya da wata tsamiya, ni ko labarinsu ban taɓa ji ba."

"Kakan nasa bai koma gida ba?"

"Bai koma ba. Ya kai mu maƙabartarsu. Faɗinta ya fi filin idi. Duk mutanenmu ne."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗa.

"Iyayensu fa? Waɗanda aka bari a nan?"

"Ban tambaya ba, Inna."

"Ai ba a tambaya," ta ce, ta ci gaba da ɓara.

Kawu ya gyara zama a kan turmi. "Ba ta labarin Sanagal mana, inda ka ce ana cin kifi."

"Sanagal mutanen kirki ne," in ji Zubair. "Shinkafa da kifi a faranti ɗaya babba, duk wanda ya zo wucewa sai an ce ya sa hannu. Ba su san ka ba, ba su jin yarenka, amma uwar gida za ta dinga gutsuro kifi tana turowa gabanka. Mun kwana a gidajen da har muka tafi ba mu san sunan mai gidan ba."

"Allah ya saka musu."

"Amma akwai wani ƙauye a bakin teku da ba zan manta ba. Jiragen katako ne a jere, an yi musu fenti kamar motar amarya. Samarin garin sun shiga irinsu sun tafi Turai. Kullum da la'asar sai ki ga mata sun fito sun zauna a kan yashi, suna fuskantar ruwa."

"Kuka suke?"

"A'a. Kallo kawai. Wata ma da tsintar shinkafarta take zuwa."

Bai san dalilin da ya sa ya faɗi wannan ba. Kawu ya harare shi. Inna ba ta ɗago ba.

"Can gaba ana sanyi?"

"Ana yi. Muritaniya rana kamar wuta, in ta faɗi kuma sanyi har ƙashi."

"Masu ciwon ƙirji fa, mutanen can, yaya suke yi?"

Zubair ya tuna asmar Uthman da abin shaƙar da ba ya barin aljihunsa. Ya buɗe baki ke nan, sai ga sallama daga ɗakin da ke kudu.

Khairiyya ce, matar Uthman. Ta fito tana dafe da ƙugu, tana takawa da dunduniya, ƙafafunta biyu ɗaure cikin leda. Ƙanshin ɗanyen lalle ya riga ta isowa.

"Yaya Zubair! Wallahi tun asuba aka ce min an gan ka a Gaya. Sannu da zuwa. Kai, ka yi baƙi."

"Sannu, Khairiyya. Yaya jiki?"

"Ga shi nan, ana fama. Kada ka kalli ƙafata, da na ji labari na ce bari in yi sauri in ɗaura, kada mutum ya dawo daga ƙasar Larabawa ya ce mun zama 'yan ƙauye." Ta leƙa zaure. "Ina ka baro min mutumin? Ko ya tsaya majalisa tun bai ga gida ba?"

Zubair ya dubi tabarma.

"Ya tsaya Maroko," in ji Kawu da sauri. "Ya samu ɗan aiki. Yana tafe."

Fuskarta ta sauka a hankali.

"Maroko kuma? Kawu, wayarsa fa? Kullum a kashe."

"Ruwa ta faɗa."

"Duk Maroko ba mai ara masa waya?" Ta yi ƙoƙarin dariya. "To ka faɗa masa, Yaya Zubair, in na haihu bai dawo ba, sunan direban bas ɗin da ya kai ni asibiti zan sa wa yaron. Ya ce zai kawo min mayafin can mai shara-shara. Ko shi ma ya faɗa ruwa?"

Mayafin yana cikin jakar, a shagon mai taki. Shuɗi ne. Uthman ya yi rabin yini yana zaɓensa.

"Je ki dama wa baƙo fura," in ji Inna. "Ki taka a hankali."

Ta juya ta shiga madafa. Suna jin ƙarar leda har ta ɓace.

Inna ta ajiye ƙwaryar a gefe. Ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta tattara shi wuri guda da gefen hannu, a nutse, kamar ba abin da ya fi shi muhimmanci.

"Zubairu."

"Na'am, Inna."

"Na ji Binin, na ji Gana, na ji Sanagal. Ka iya labari, Allah ya yi maka albarka. Amma ko kasuwar Balan na aiki mutum ya dawo, kafin ya zauna abin da yake fara cewa shi ne, suna gaishe ki. Kai ka zagayo duniya. Ka zauna har na kusa gama gyaɗar nan. Ba ka ce ana gaishe ni ba."

"Ai yana gaishe ki, Yaya," in ji Kawu. "Mantuwa ce, gajiyar hanya..."

"Da kai aka je?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Kai da sai Salla nake ganinka. Yanzu kullum kana nan, yau ka kawo maganin hawan jini, gobe ka kawo mai awon jini. Har na ɗauka takara za ka tsaya." Ta juyo. "Zubairu, kai ɗan Malam ne, bakinka bai saba ba. Na ga yadda ya ƙi buɗuwa. Ba zan sa ka ƙarya ba, ba zan kuma tambaye ka abin da ba a tambaya ba. Ƙarasa min labarin ƙasar ƙarshe kawai."

Zubair ya dubi Kawu. Kawu ya girgiza kai, idonsa ya kaɗa, yana roƙo. Daga madafa ana jin ludayi yana bugun ƙwarya.

Ya tuna mata a bakin teku da tsintar shinkafarsu. Ya tuna lallen da ke ƙafar Khairiyya.

"Akwai wani jirgin ƙasa a can, Inna," ya ce. "Ba na mutane ba ne. Ƙasar ƙarfe yake ɗebowa daga tsakiyar hamada ya kai bakin teku. Tsawonsa, in kina wannan kan ba kya ganin wancan. Matafiya irinmu sukan hau saman kayan su zauna, su ratsa hamada. Tun muna sakandare ake nuna mana hotonsa. An daɗe ana burin hawansa."

Bai ce wa ke burin ba. Ba ta ce wa ba.

"Ƙasar baƙa ce, laushinta kamar kwalli. In jirgi ya fara gudu sai ta tashi. Mun naɗe fuska da rawani, amma tana shiga. Hanci, ido, haƙori. Ba inuwa, ba tasha, ba wanda za ka ɗaga wa hannu ya tsaya. Duk inda ka duba yashi ne."

"Abin shaƙar fa?"

"An shaƙa har ya ƙare. Na biyun ma ya ƙare."

"Sai kuma?"

"Sai na riƙe shi a jikina. Na juya bayana wajen iska. Muna ta karanta abin da muka iya."

"An isa garin?"

"An isa. Muna hango teku. Ya gan shi, Inna. Ya ce min ga ruwa can."

Kawu ya sa hula ya rufe fuska.

Inna ta daɗe tana kallon ɓawon gyaɗar da ta tara. Fuskarta ba ta motsa ba. Da ta yi magana, muryarta irin ta mai tambayar farashin gero ce.

"Mutanen can, sun iya wankan gawa?"

"Sun iya."

"Yadda muke yi?"

"Yadda muke yi. Malikawa ne kamar mu. Wani tsoho mai kamun kifi ne ya yi, ni ina zuba ruwa. Sai da ya wanke baƙar ƙasar nan tas, har cikin kunne. Likkafani wata mata ce ta bayar, ta ce na mijinta ne da ta tanada, shi teku ya riƙe."

"An samu mutane?"

"Bayan Juma'a ne. Masallaci guda ya fito. Ba wanda ya san shi, amma sahu har titi. Ni na shiga ramin na kwantar da shi. Na juyar da fuskarsa alƙibla da hannuna."

"Ya yi kalmar?"

"Ya yi. Sau da yawa. Ita ce ƙarshe."

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Sannan ta ɗan buɗe baki. Ta motsa shi kamar mai gwada takalmin da bai taɓa sawa ba.

"Uthmanu."

Kawu ya ɗago a firgice. Tun da aka raɗa sunan bai taɓa jin shi a bakinta ba.

"Uthmanu," ta sake cewa, a hankali, ba da kowa take ba. "Ashe sunan ba nauyi. Da na sani da na kira shi ko sau ɗaya ya amsa."

Zubair ya kifa kai a gwiwa. Kukan da ya goyo tare da jakar tun daga bakin teku ya taso masa, ya danne shi da haƙori.

"Yaya, don Allah," in ji Kawu da raɗa. "Yarinyar nan. Ki rufa mana asiri har ta sauka. Kwana nawa ya rage?"

"Shi ya sa ba za a jira ba. Ka riƙe min ɗana a aljihunka tun kafin ruwan fari, na yafe maka. Ita ba ka da ikon riƙe mata miji. Je ka ɗauko jakar inda ka ɓoye ta. Ka biya ka kira ungozoma ta zo ta zauna kusa."

Ƙarar leda ta taso daga madafa.

Khairiyya ta fito da ƙwaryar fura a hannu biyu, tana takawa da dunduniya, tana murmushi.

"Na sa nono da yawa, Yaya Zubair, na san can ba..."

Ta tsaya. Ta dubi Kawu da hularsa a hannu. Ta dubi Zubair da bai ɗago ba.

"Ajiye furar, 'yar nan," in ji Inna. "Zauna nan kusa da ni. Miƙo ƙafarki."

Ta ajiye. Ta zauna da ƙyar, ta miƙe ƙafa, tana kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta jawo buta. Ta sunkuya, ta fara kwance ledar da hannunta.

"Inna, ai bai kama ba tukuna."

"Na sani," in ji Inna, ta tsiyaya ruwan. "Gara a wanke tun bai kama ba."

Koren ruwa ya gangara ƙasa, ya bi gefen tabarma.

Khairiyya ta bi shi da ido. Hannunta ya tafi kan cikinta ya damƙe zani.

"Yaya Zubair," ta ce. "Ɗago ka kalle ni."